Gwangwanin Ɗigo da Motar Habu

Ku matso nan inuwa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Wannan ba tatsuniya ba ce, don a tatsuniya wanda ya faɗi yakan tashi.

Kai Sale, ajiye wayar nan. Kai ne jiya na ji kana gaya wa abokanka wai sayar da esansi, wato man fetur, a kwalba ba sana'a ba ce, zaman inuwa ne: a zuba, a miƙa, a karɓa. Har ka ce in na gaji in bar maka teburin. To, ni na yi zaman inuwar nan a bakin tashar Korgom tun yayanku Lawali yana rarrafe har ya yi gemu. Bari in gaya muku abin da ke cikinta.

Teburin ba nawa ba ne tun farko, na kakanku ne, maigidana Malam, Allah ya jiƙansa. A lokacin mai yana zuwa mana daga kudu, daga Najeriya, cikin bido, jarkar nan ta roba, ɗaure a bayan moto, wato babur, ko a ƙarƙashin kara a amalanke. Malam shi ke zuƙo shi da tiyo. Ka sa baki ɗaya cikin bido, ka sa ɗaya a bakinka, ka ja. In ka ja kaɗan mai ba ya hawowa. In ka zarce, ya wuce maka ciki. Shekara da shekaru yana wuce masa ciki, har ƙirjinsa ya ƙi. Da tari ya kwantar da shi, sai ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin zaure inda yake hango teburin, ya ce mini, “Fito ki tsaya. Ni ne ido, ke ce hannu.”

Aikin da ya fara ba ni wankin kwalabe ne. Ba da ruwa kaɗai ba. Da yashi da ruwa za ki girgiza, ki ɗauraye, ki kifa a rana har ta bushe ƙayau, don ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya tsayar da mutum a tsakiyar daji. Na yi wata guda ban taɓa mai ba, sai wanki. Sannan ya koya mini tata. Tsumma mai tsabta a bakin mazurari, a zuba a hankali. Sannan toshi: totuwar masara a naɗe da leda. Ranar farko da na cika da kaina, na cika kwalabe har baki don in burge shi. Ya bar ni na jera su a tebur. Da rana ta take tsaka sai na ji fat, fat, totuwa tana tashi sama, mai yana bin tebur. Daga tabarma ya ce, “Esansi yana kumbura da rana kamar ƙullun waina. Ki bar masa wurin numfashi.”

Haka na koyi sauran. Bido ba ya zama a rana, sai an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Bokitin yashi ba ya barin ƙafar tebur, don wutar esansi in ka watsa mata ruwa gudu take ƙarawa. Mai shan taba, ko uban wa ne shi, daga can nesa zai tsaya. In mai kawowa ya sauke kaya, ka ɗiga a tafin hannu. Na gaskiya tashi yake yi nan take, ya bar maka sanyi da fari-fari a fata. Wanda aka yi wa haɗi da kananzir yakan zauna, ya bar maiƙo. Ka ɗaga kwalba ka duba gindinta a hasken rana; in da ruwa, za ka gan shi kwance kamar ɗan dutsen ado.

Akwai kuma wari, wanda ba a koya wa mutum shi, shi ke koya maka kansa. Da can ina dama fura ta sayarwa, mata suna yabon hannuna. Da na kama teburi, ba wanda ya ƙara saye. Na goga toka, na goga lemun tsami, na goga sabulun salo, a banza. Tuwo ma da cokali na koma ci kamar matar ɗan boko. A gidan biki in na zauna, sai in ga tabarma tana faɗi a gefena.

Abu na ƙarshe da Malam ya koya mini shi ne gwangwani. Wani tsohon gwangwanin tumatir ne babba, da murfin da ya yi masa na fata. Duk kwalbar da aka juye, komai ƙwarewar mai juyewa, akwai abin da ke maƙalewa a jikinta. Sai ka kifa ta a bakin gwangwanin ka bar ta ta yi ta ɗiga. Kwalba bayan kwalba, kwana bayan kwana, har ya taru. Ya ce, “Wannan ba na sayarwa ba ne. Mai gero tana ƙara ɗan hannu bayan mudu, mai nono tana ƙara ludayi. Mu gyaranmu ɗigo ne. Na wanda ya riƙe teburin nan ne da cinikinsa.”

Wanda ya riƙe teburin kuwa Habu ne, direba. Ba ɗan'uwan Malam ba ne na jini, amma tare suka tashi a unguwa ɗaya, Yaya yake ce masa, ni kuma matar Yaya, da duk tsokanar da ke biye da sunan. Motarsa irin wadda ake ce wa bashe ce, mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol. Ta girmi yawancin waɗanda take ɗauka. Ƙofa ɗaya da igiya ake ɗaure ta. Ya sa mata suna Gwaggo. Ita ke kai mutanen Korgom kasuwar Tasawa: buhunan gero da wake, awaki, Fulani mata da ƙorensu na nono a cinya, maza a saman kaya. Mai naƙudar da ta gagara a gida, Gwaggo ke kai ta likita. Wanda ya cika a can, Gwaggo ke dawo da shi a binne shi cikin danginsa.

Kuma tana sha. Abin da Gwaggo ke shanyewa a zuwa da dawowa ɗaya, ribarsa ita ce miyar gidana ta mako. Masu moto na lokacin ƙari ne kawai. Bayan Malam ya rasu, ubanku ma ya bi shi, ku kuna ƙanana, a kan cikin motar nan na ciyar da ku. Muddin Gwaggo tana tashi, tebur yana tsaye. Ni na sani, Habu ma ya sani, ba mu taɓa faɗa wa juna ba.

A nan gindin bishiyar take kwana, kusa da tebur. Tana da hali ɗaya: in ta kwana, ba ta tashi sai an buɗe kapo, murfin inji, an ɗiga mata mai kai tsaye a maƙogwaro, abin nan da makanikai ke ce wa karbirato. To, nan ɗigon gwangwani ke tafiya. Da safe Habu zai taho yana kaɗa makulli a yatsa.

“Matar Yaya, Gwaggo ta ce ba ta motsawa sai ta sha kokonta.”

“Ka gaya mata gero ya yi tsada.”

“Ai ba ta shan na gero. Sai na hannunki, mai ƙamshin nan da ya kori Yaya zuwa zaure.”

“In ƙamshin ya dame ka, ga hanya nan, ka je sitasiyon, gidan mai na Tasawa, a zuba maka da famfo.”

“Su ba su da koko. Miƙo.”

Da hannu ɗaya yake karɓa, ko kallona ba ya yi, kamar mai ɗaukar hularsa. Ya ɗiga mata, ya murɗa makulli, ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Duk gari ya san an tashi tafiya kasuwa.

Sai shekarar nan ta zo. Ku kun gan ta, amma ba ku gan ta daga bayan tebur ba. Aka ce hukumar can kudu ta janye hannunta daga kuɗin mai, iyaka kuma ta yi tsauri. Ni ban san takarda ba, abin da na sani shi ne masu kawo mini bido cike suka koma kawo rabi, wata rana su zo hannu wofi. Farashin safe ba shi ne na yamma ba. Ka sayar da kwalba yau, gobe kuɗinta ba ya cika ta. Mutum ya tsaya ya tambaya, ka faɗa masa, ya dube ka kamar kai ka haƙa rijiyar man.

Tun kafin nan ƙananan moto masu ƙafa biyu na zamani sun fara shigowa, irin na ƴan kabu-kabu, amma a shekarar ne suka cika gari. Waɗannan ba sha suke ba, lasa suke yi. Yayanku Lawali ya sayar da bijimin da ya yi kiwo ya sayi ɗaya. Ranar da ya kawo ta ya tsaya gabana yana murmushi.

“Tsohuwa matata, ba ni rabin kwalba.”

“Rabi? Ina za ta kai ka, bakin rijiya?”

“Gidan Amumune ma sai ta je, in kin yi mini addu'a.”

“Miji mai sayen rabi, gara zaman takaba.”

Ya yi dariya. Amma abin da na gani a hannunsa shi ne abin da na yi ta gani daga baya a hannun dukansu. Ba ya bari in zuba masa. Karɓar kwalbar yake yi da kansa, ya kifa ta a bakin tanki, ya jira, ya girgiza, ya buga gindinta da tafin hannu, ya sake jira. In ya miƙo mini ita, a bushe take kamar an shanya. Ban ga laifinsu ba. Da tsada suka saya.

Fasinja kuma suka fara zamewa. Gwaggo sai ta cika take tashi, kuma Habu dole ya ƙara kuɗin mota. Kabu-kabu kuwa kana hawa an tafi. Masu nono suka koyi riƙe ƙwarya a bayan moto. Buhuna suka koma cikin ƴar mota mai ƙafa uku. Habu ya yi duk dabarar da direba ke yi. In ya hau tudu ya kashe inji ya gangara. Ya sauke tayar ajiya don ta rage nauyi. Ya daina fita sai ranar kasuwa. Mai sayen bido ya koma sayen kwalba ƙidaye, yana auna hanya a kansa.

Wata yamma samari suna zaune a kan motocinsu a nan, Habu yana ƙarƙashin Gwaggo yana ɗaure wani abu da waya, Lawali ya leƙa ya ce, “Baba Habu, ka rabu da tsohuwar nan mana. Ko ƙarfenta ka sayar ya saya maka irin tawa, ka huta.”

Habu bai fito ba. Daga ƙarƙashi ya ce, “In matarka ta tashi haihuwa ta gagara, a kan wannan akuyar taka za ka ɗora ta?”

“Akuyar nan dai ita ke cin kasuwa yanzu.”

“Ta ci. Ranar da aka yi gawa a Tasawa, sai ka goyo ta.”

Samari suka yi dariya, shi ma na ji yana dariya a ƙarƙashin mota. Duk abin da ya ragu a wurinsa, kokon safe bai ragu ba. Yana zuwa da makullinsa a yatsa, yana karɓa da hannu ɗaya. Ni kaɗai na san gwangwanin yana ja baya. Kwalaben Gwaggo su ne masu ɗigo, ga su sun yi kaɗan. Na samari kuwa ba sa kawo komai. Abin da ke rufe gindin gwangwani ya koma tsakiyar cokali, ya koma jiƙa kawai.

Ranar kasuwar da zan gaya muku, cikin bazara ne, zafi tun da hantsi. Na buɗe murfin gwangwani, ba komai sai wari. An riga an ɗora wa Gwaggo buhu kaɗan, da wani tsoho da ragonsa, da mata uku ko huɗu. Na hango Habu yana tahowa. Na san in ba ta sha ba, ba ta tashi. In ba ta tashi yau ba, waɗannan ma da suka rage sun tafi ke nan. Sai na juya baya, na kare da gyalena, na zare totuwar wata kwalba ta sayarwa, na tsiyaya a gwangwani, na mayar da murfi.

“Matar Yaya, koko.”

Na miƙa. Ya karɓa, ya buɗe, ya yi taku biyu, ya tsaya. Ɗigo, kun gane, yana kwana a gwangwani yana tsufa. Yakan yi ja-ja, da ɗan tsatsa a ƙasa. Wannan kuwa garau yake, kana ganin gindin gwangwani ta cikinsa. Shekarun da ya yi yana karɓa ban taɓa ganin ya duba ba. Ashe yana dubawa.

Ya dawo ya ce, “Wannan bai kwana a nan ba.”

Na ce, “Mai ne dai, Habu. Gwaggo ba ta da ido.”

“Ni ina da shi.”

“Mutane suna jira. Je ka tashe ta, ma yi maganar in ka dawo.”

Ya ajiye gwangwanin a kan tebur a hankali. Ya ce, “Gyara haƙƙina ne, shi ya sa nake karɓa da hannu ɗaya. Wannan da hannu biyu ake karɓarsa, a durƙusa. Ban kai nan ba tukuna. In ma na kai, ba daga tukunyar marayun Yaya ba.”

Na ce masa to ya saya. Ya yi ɗan murmushi, ya taɓa aljihu. Abin da ke ciki ya riga ya zama man da ke tanki, daidai zuwa da dawowa. Ya ɗauki mazurari, ya nemo kwalbar da ta ragu, ya mayar mata da abinta, har ya buga gindin gwangwanin da tafin hannu yadda samari ke yi. Ya toshe da totuwa. Sannan ya juya ya ce, “Jama'a, a taimaka da turi.”

Aka tura. Lawali da abokansa suka sauka daga motocinsu suka sa kafaɗa. Suka tura ta har bayan makaranta, ta yi tari ɗaya ta yi shiru. Suka juyo da ita, suka sake. Yashi ya riƙe ƙafafunta. Rana ta hau. Matan suka sauka ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta dubi Habu, kowace ta hau bayan kabu-kabu. Tsohon nan aka ɗora masa ragonsa a cinya. Da azahar aka turo Gwaggo aka mayar da ita gindin bishiya.

Ban ce na yi daidai ba, ban ce na yi kuskure ba. Na faɗa muku yadda aka yi ne. Da ya so, kasuwa mai zuwa sai ya zuƙo daga tanki ya ba ta. Bai yi ba. Ya riga ya ga gindin gwangwani.

Kafin damina masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da guduma da zarto. A nan suka farfasa ta, inda kuke zaune. Habu ya zauna a bencina ya ba su baya, yana taya ni wanke kwalabe da yashi. Kowace guduma ta sauka sai hannunsa ya tsaya, sannan ya ci gaba. Bai sayi moto ba. Ya koma gona. Amma kullum da hantsi sai ya zo ya zauna, ya wanke kwalba biyu, ya tsokane ni, ya tafi.

Damina ta zagayo, ciwo ya kama shi, ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura. Ma'aikacin lafiya na nan ya ce sai Tasawa, kuma yau. Ranar ba mota a gari, mai ƙafa uku kuma ba ta iya hanyar da ruwa ya ci. Lawali ya zo da motonsa a gaban tebur. Aka ɗauko Habu aka zaunar da shi a tsakiya, aka ɗaure shi da rawani a bayan Lawali, ɗansa babba ya hau baya ya tallafe shi.

Lawali ya ce, “Kaka, ba ni kwalba ɗaya. Cikakkiya.”

Habu ya buɗe ido ya dubi abin da yake kai. Ya ce, “Ashe dai akuyar ce za ta kai ni.”

“Za ta dawo da kai ma, Baba.”

Lawali ya kifa kwalbar a tanki. Da ta ƙare ya ɗaga hannu zai buga gindinta, yadda ya saba. Sai Habu ya ce, da ƴar muryar da ta rage masa, “Kai yaro. Kada ka girgiza. Bar mata ɗigonta.”

Lawali ya miƙo mini ita haka nan, jikinta a jiƙe. Na kifa ta a gwangwani. Suka tafi.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Habu ya cika a Tasawa, a can aka binne shi, don ba abin da zai dawo da shi. Lawali ya dawo washegari da rawanin a naɗe a wuyan moto, kuma da sauran mai a tanki. Mutumin da ya shekara talatin yana shanye bido a hanyar nan, kwalba ɗaya ta kai shi, har ta yi saura. Ɗan Habu yana tuƙa mai ƙafa uku ta wani ɗan kasuwa. Gwaggo, an ce an narka ta an yi tukwane da murhu. Wataƙila wata tana dafa tuwo a kanta yanzu ba ta sani ba. Lawali yana nan da akuyarsa, kwanan nan ma yake gaya mini wai akwai wasu suna tafe da ko lasar ba sa yi, rana ce abincinsu. Amma tun ranar nan bai ƙara buga gindin kwalba a teburina ba. Ku tambaye shi in kun ga dama, ba zai amsa ba.

Ni kuwa ga ni. Tebur ya koma rabinsa, na haɗa da sayar da gyaɗa, ita ma sai wanda hancinsa ya toshe ke saye.

Sale, in har yanzu kana son zaman inuwa, ka zo gobe da hantsi. Za ka fara da yashi da ruwa. In kwalba ta ƙare, ka kifa ta a gwangwanin can mai murfin fata, ka bar ta ta ɗiga. Kada ka sayar, kada ka zubar. Kuma kada ka tambaye ni wa zai zo karɓa.

Ga kunnuwanku nan, na mayar.